Jinjina ga Masu Ƙidayar Zobe

A duk fannonin ilimin da Amurkawa suka yi fice a cikinsu, babu wanda ya kai musu a kan kwatabak zurfi da yawan malamai. Sun taka duniyar wata, sun ƙera kwamfuta, amma wannan aikin 'yan tsiraru ne da suka sha wuyar jami'a. Ilimin kwatabak kuwa na kowa da kowa ne. Direban tirela a Ohio, lauya a Boston, mai aski a Atlanta, kowanne shehi ne, kowanne da fatawarsa, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya ce a dakata ya je ya duba littafi ba. Al'ummar da ta kai wannan matsayi ta cancanci a tsaya a yaba mata.

Ga wanda bai saba da wasan ba, zari-ruga ce irin ta Amurka: mutum 11 a kowane ɓangare, da hular kwano da sulke, suna ture juna a kan ƙwallo mai tsini biyu. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, kowacce da 'yan wasa 53. Kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba fili, ya jefa ko ya danƙa wa mai gudu, kafin ƙarti su danne shi. Idan ƙwallon tana hannun abokan hamayya, yana can kan benci yana kallo kamar kowa, wato rabin wasan ba da shi ake yi ba. Duk da haka masana sun yi ittifaƙi cewa nasara tasa ce, faɗuwa ma tasa ce. Sauran 52 ɗin, Allah ya saka musu da alheri, 'yan rakiya ne.

Hikimar ta faro ne daga tsarin wasan kansa. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta sa agogo ta auna, ta tarar cewa a wasan da ke cin awa uku a talabijin, lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Kowace ƙungiya wasa ɗaya take yi a mako, kakar kuma daga Satumba ce zuwa Fabrairu. Mai gajeren tunani zai ce an cuci ɗan kallo. Ina! Fili aka ba shi. Minti 11 na wasa, kwana bakwai na sharhi, sannan kusan wata bakwai babu gasa sai zallar magana. Tashoshi irin su ESPN da Fox suka ga wannan ni'ima suka gina mata zaure: a zaunar da mutum biyu cikin kwat tun da sassafe, ɗaya ya ce wane gwani ne, ɗayan ya dafe kai ya ce bai taɓa jin saɓo irin wannan ba. Stephen A. Smith da Skip Bayless sun shekara da shekaru suna wannan hidima ga ɗan Adam, kuma ko sau ɗaya ba a kama su da laifin warware wata mas'ala ba. In an warware, gobe a ci me?

Abin da ya ɗaukaka ilimin shi ne sauƙin ma'auninsa. Duk ƙungiyar da ta ci wasan ƙarshe, Super Bowl, akan yi wa 'yan wasanta zobe mai lu'ulu'u. Don haka komai zafin musu, da tambaya ɗaya ake kashe shi: zobe nawa gare shi? Tom Brady bakwai, shida a New England, ɗaya a Tampa Bay. Joe Montana huɗu. Dan Marino, wanda ya yi kaka 17 a Miami, wanda a 1984 ya jefa yadi 5,084 lokacin da ba a taɓa ganin wani a gasar ya kai 5,000 ba, ba shi da ko ɗaya, sai ya koma sahun baya ya kama bakinsa. Trent Dilfer yana da ɗaya. Ya samo shi a Janairun 2001 tare da Baltimore, ƙungiyar da masu tsaron gidanta suka hana kowa sakat a kakar nan, har aikin Dilfer ya zama kada dai ya ɓata musu. Da aka ci kofin, ƙungiyar ta yi masa godiya ta nemo wani. Amma lissafi lissafi ne, ɗaya ya fi babu.

Jim Kelly ya kai Buffalo wasan ƙarshe sau huɗu a jere, ya faɗi duka huɗun. A na farkon, Janairun 1991, maki ɗaya ne tsakani, 20 da 19, kuma a daƙiƙun ƙarshe mai bugun ƙafa Scott Norwood ya buga daga yadi 47, ƙwallon ta kauce dama. Kelly na tsaye a gefen fili a lokacin. To ai laifinsa ne, domin babban kwatabak ko daga gefe yake yakan karkato da ƙwallo da kwarjini. Shaida kuwa ita ce Fabrairun 2015, da Seattle ta zo yadi ɗaya da gidan New England saura daƙiƙu a tashi, wani sabon yaro mai tsaron baya, Malcolm Butler, wanda ko a bikin zaɓen sababbin 'yan wasa babu ƙungiyar da ta kira sunansa, ya yi wuf ya cafke jifan kwatabak ɗin Seattle, Russell Wilson. Brady ma a gefe yake, yana ta tsalle. Zobensa na huɗu ke nan, kuma hujja ce cewa shi ba ya razana idan al'amari ya yi tsanani.

Idan kuwa wani mai neman fitina ya kawo Eli Manning, wanda ya doke Brady sau biyu a wasan ƙarshe, a 2008 da 2012, alhali a rayuwarsa ta wasa ya ci 117 ya faɗi 117, ko Nick Foles, ɗan benci da ya doke shi a 2018 ranar da Brady ya jefa yadi 505, malamai ba sa rikicewa. Sai su ce ai wasan na ƙungiya ne. Wannan ƙa'ida a aljihun baya ake ajiye ta, a zaro ta idan gwaninka ya faɗi, a mayar idan na abokin musu ne ya faɗi.

Kada a zaci 'yan kallo ne kaɗai ke da baiwar, ƙwararrun da ke cin albashi sun fi su. Duk ƙarshen Fabrairu akan tara samarin da suka fito daga jami'o'i a Indianapolis, a tuɓe su sai gajeren wando, a auna tsawo, a auna nauyi, a sa su gudu, a buɗe tafin hannunsu a gwada daga babban yatsa zuwa ƙarami. Da wannan kimiyya aka bar Brady sai zaɓi na 199 a shekarar 2000, bayan an kwashi kwatabak shida da aka ga sun fi shi. Da ita San Francisco ta kashe zaɓin zagayen farko har uku a kan Trey Lance, ya fara mata wasa huɗu, sannan wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 2024 ya zama Brock Purdy, da aka ɗauka na 262 a 2022, na ƙarshe a jerin gaba ɗaya. Kuma duk Afrilu mutanen nan ne dai za su dawo talabijin da sababbin takardu, murya a dake. Wannan shi ne juriya.

Idonsu har abin da awo ba ya kamawa yana gani. Shekaru da dama sun sani, ba tare da wani gwaji ba, cewa baƙar fata yana da ƙafa, amma gurbin kwatabak na masu kai ne. Warren Moon ya fito daga Jami'ar Washington a 1978 a matsayin gwarzon wasan Rose Bowl, aka ba shi shawara ta ƙauna cewa ya sauya gurbi. Ya ƙi. Ya haye Kanada ya ci kofinsu sau biyar a jere tare da Edmonton, sai a 1984 aka gano cewa ashe sanyin Kanada yana ƙara basira, aka dawo da shi. Shekara 40 bayan waccan shawara, a 2018, dattijo Bill Polian, wanda sunansa ke zauren girmamawa na wasan, ya yi wa Lamar Jackson irinta: ya haƙura da jifa ya koma mai cafkewa. Jackson ya toshe kunne, aka ɗauke shi na 32, ya zama gwarzon gasar a 2019 ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba, ya sake zama a 2023. Yaran yanzu ba sa jin maganar manya.

Sai kuma ƙauna. Ba a taɓa ganin masoya irin 'yan kallon NFL ba, kuma Andrew Luck shaida ne. Indianapolis ta ɗauke shi na ɗaya a 2012 don ya gaji Peyton Manning, ta kuma tsayar masa da masu kariya masu karamci, waɗanda ba sa hana baƙo wucewa. Kaka bayan kaka ana niƙa shi. A 2015 aka buge shi har ƙodarsa ta tsage, ya tashi ya ƙarasa wasan, ya kuma ci. Guringuntsin haƙarƙari ya yage, ƙwaƙwalwa ta girgiza, kafaɗar da yake jifa da ita ta lalace har kakar 2017 gaba ɗaya ta wuce shi. Ya dawo a 2018 ya kai su zagayen fitar da gwani. A daren 24 ga Agustan 2019, yana da shekara 29, ga ƙafa ta ƙi warkewa, labari ya ɓulla a wayoyin jama'a ana tsakiyar wasan share fage da Chicago cewa zai yi ritaya. Shi yana tsaye a gefen fili. Da aka tashi ya nufi ɗakin canza kaya, mutanen garin da ya ba su ƙodarsa suka raka shi da ihun wulaƙanci.

Akwai masu cewa wannan rashin imani ne. Ba su fahimci zancen ba. Ɗan kallo, bawan Allah, ya sayi tikitin kaka guda, ya sayi riga mai lamba 12, wataƙila ma ya sa Luck a tawagarsa ta wasan hasashe da ake yi a intanet, ga gasa saura mako biyu. Wane irin son kai ne zai sa saurayi ya fifita tafiya da ƙafafunsa a shekara 50 a kan waɗannan haƙƙoƙi? Ƙoda ai biyu Allah ya ba shi. Kuma ba Indianapolis kaɗai ke da wannan zuciya ba. A 2012 Matt Cassel na kwance a filin Kansas City, kai ya bugu, wasu magoya bayan ƙungiyarsa suka ɓarke da sowa don an samu dalilin canza shi. A 2020 Dak Prescott na Dallas ya faɗa a fili cewa ya yi fama da ciwon damuwa, a shekarar da wansa ya kashe kansa, sai Malam Bayless ya bayyana a shirinsa cewa shi bai tausaya masa a kan wannan fallasa ba, domin jagora ba ya nuna rauni. Haka ake son malami, ya faɗi gaskiya komai ɗacinta, musamman idan ɗacin a bakin wani yake.

Ita kuwa hukumar gasar, ƙarƙashin kwamishina Roger Goodell tun 2006, ta kai adalci inda kotuna ba su kai ba. A 2014 Ray Rice na Baltimore ya naushi matar da zai aura a cikin lifta a wani gidan caca na Atlantic City, kuma bidiyon da ya nuna shi yana jan ta a sume ya riga ya zaga duniya. Hukumar ta yi dogon nazari ta dakatar da shi wasa biyu. Sai da bidiyon cikin liftar ya fito a Satumba, kowa ya ga naushin da idonsa, sannan ta gano cewa ashe duka ne ya jawo suman, ta tsawaita hukuncin.

Bayan 'yan watanni aka aikata babban laifi na gaske. A Janairun 2015, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin New England da Indianapolis, aka tarar iskar da ke cikin ƙwallayen su Brady ba ta kai awo 12.5 da doka ta gindaya ba. An tafi hutun rabin lokaci suna gaba da 17 da 7. Aka cika ƙwallayen yadda doka ta ce, suka dawo suka zuba 28 ba ko ɗaya, aka tashi 45 da 7. Kowa dai ya ga irin ribar da maguɗin ya jawo musu. Hukumar ta ɗauko babban lauya Ted Wells, ya rubuto rahoto mai shafi 243 wanda ya kammala da cewa ya fi yiwuwa Brady yana da masaniya. Malaman kimiyya na manyan jami'o'i suka shigo suna bayanin cewa iska takan tsuke idan aka fito da ƙwallo daga ɗaki mai ɗumi zuwa sanyin Janairu. Ƙasa ta rabu biyu, mutanen da suka yi ta gudun ajin kimiyya a sakandare suka wayi gari suna tada jijiyar wuya kan dokokin iska. Aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 1, aka ƙwace mata zaɓi biyu, aka dakatar da Brady wasa huɗu. Alƙali ya soke, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da hukuncin, shekara ɗaya da rabi ana abu ɗaya. Wasa biyu na mace, wasa huɗu na iska. Duk mai son sanin farashin kaya a NFL, ga jadawali nan.

A saman jadawalin akwai gwiwa. Colin Kaepernick ya kai San Francisco wasan ƙarshe a 2013. A 2016 ya daina miƙewa idan ana taken ƙasa, don nuna ɓacin rai kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙe, kuma da wani tsohon sojan kundumbala, Nate Boyer, ya nuna masa cewa durƙuso ya fi zama ladabi, sai ya koma durƙusawa da gwiwa ɗaya. Bai doki kowa ba, bai saci iska ba. Ya rabu da ƙungiyarsa a Maris ɗin 2017 yana da shekara 29, kuma daga ranar duka ƙungiyoyi 32, kowacce ita kaɗai a ɗakinta ba tare da ta tuntuɓi 'yar'uwarta ba, suka gano cewa bai iya wasa ba. Masu musu suka tabbatar mana babu siyasa a ciki, zallar ƙwarewa ake dubawa. Shi ya sa a kakar nan Miami ta je ta taso Jay Cutler daga ritaya ta ba shi dala miliyan 10, Buffalo kuma ta fito da Nathan Peterman, wanda ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau biyar kafin hutun rabin lokaci. Kaepernick a kakarsa ta ƙarshe sau huɗu ya yi wannan kuskure a wasa 12. Ya shigar da ƙorafin haɗin baki, hukumar ta sasanta da shi a 2019 bisa sharaɗin kowa ya yi gum, kamar yadda marar laifi ya saba yi.

Babbar hujjar ita ce a raba wasa da siyasa. Hujja ce mai kyau ƙwarai, balle daga gasar da rahoton sanatoci John McCain da Jeff Flake ya nuna a 2015 cewa ma'aikatar tsaro tana biyan wasu ƙungiyoyinta kuɗi don su riƙa karrama sojoji a fili. Da aka kashe George Floyd a 2020 tituna suka cika, Goodell ya fito a bidiyo ya ce hukumar ta yi kuskure da ba ta saurari 'yan wasa ba, ya kuma yi ta maza bai ambaci sunan wanda ba a saurara ɗin ba. Aka sayo fenti aka rubuta a ƙarshen fili cewa a kawo ƙarshen wariyar launin fata. A wasan ƙarshe na Fabrairun 2025, wanda Shugaba Trump ya halarta a New Orleans, aka sauya rubutun da wani mai kira ga ƙauna. Ina ga wariyar ce ta ƙare, tunda kaka biyar ana ba ta umarni.

Kada kuma a ce gasar ba ta da yafiya. A farkon 2022 mata sama da 20 masu sana'ar tausa suna da ƙararraki a kan Deshaun Watson bisa zargin cin zarafi. Ya musanta, masu duba tuhuma a Texas ba su gurfanar da shi ba, daga baya ya sasanta da kusan dukansu. Ana cikin wannan ƙungiyoyi suka yi layi suna zawarcinsa. Cleveland ce ta yi nasara, ta ba da zaɓin zagayen farko uku, ta ba shi dala miliyan 230, kowane sisi da garanti, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Aka kuma tsara albashin shekarar farko ya zama kusan miliyan 1 kacal, don dakatarwar da ake jira, wadda ta zo ta wasa 11, kada ta taɓa masa aljihu sosai. Tausayi ke nan. Durƙuso ne dai ba shi da kaffara.

Mu koma ga zobe, domin akwai wani mai huɗu da ba a cika sa shi a musu ba. Mike Webster ɗan tsakiya ne na Pittsburgh, wanda ke duƙawa ya miƙa wa Terry Bradshaw ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sannan ya ɗago ya gwara kai da ƙaton da ke gabansa. Kaka 17 ya yi a gasar yana wannan aiki. Bisa ma'aunin masana ya fi Marino da zobe huɗu cur. Ya ƙare yana kwana a cikin motarsa, tunani ya gushe, ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Gawarsa ta faɗa hannun wani likitan binciken gawa ɗan Najeriya, Bennet Omalu, mutumin Anambra da wasan bai dame shi ba, wanda saboda wannan jahilci bai san cewa ba a leƙa ƙwaƙwalwar jarumi ba. Ya leƙa, ya ga lalacewar da yawan buguwa ke haifarwa, cutar da ake kira CTE, ya buga sakamakon a 2005. Likitocin kwamitin NFL suka rubuta wa mujallar cewa ta janye takardar. Shugaban wannan kwamiti na binciken buguwar ƙwaƙwalwa, Elliot Pellman, likitan ciwon gaɓoɓi ne, alamar cewa hukumar ba ta nuna bambanci tsakanin sassan jiki. Sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwa 111 ta tsofaffin 'yan wasan NFL, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne cewa iyalan da suka ga alamu ne suka fi ba da gawa a duba, kuma masoya wasan sun riƙe wannan gaskiya da hannu biyu. Ga kuma mutum ɗaya sukutum da ya tsira, amma masu son ɓata suna ba sa maganarsa.

Da aka zo biyan diyya, aka sake nuna ƙwarewa a lissafi. Kafin a san abin da ƙwaƙwalwa ta rasa sai an ƙaddara inda ta faro, kuma ma'aunin da aka yi aiki da shi ya ƙaddara cewa ta baƙar fata daga ƙasa ta faro. Don haka tsohon ɗan wasa baƙi sai ya fi fari gigicewa kafin su cancanci kuɗi ɗaya. Sai da tsofaffin 'yan wasa Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara sannan aka yi alƙawarin dainawa a 2021. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai wannan gardin ya ƙara da shafa kan kurar ya ce dama can ba ta da wayo.

Yanzu dai an gyara. A 2021 aka ƙara wasannin kaka daga 16 zuwa 17, ana kuma maganar 18. Akwai wasan daren Alhamis, kwana huɗu bayan na Lahadi, wanda Amazon ke biyan kusan dala biliyan 1 a shekara a kansa. A Satumban 2022 Tua Tagovailoa na Miami ya buga ƙeya a ƙasa ranar Lahadi, ya tashi yana tangaɗi, aka ce ai bayansa ne, ya koma wasa. Ranar Alhamis a Cincinnati aka sake maka shi da ƙasa, yatsunsa suka ƙage a gaban fuskarsa, aka yi ta maimaita hoton don kowa ya gani da kyau, aka fitar da shi a kan gado. Ba a jima ba musu ya hau hanyarsa: shin Tua ba shi da ƙwari ne, Miami ta nemi wani?

Caca kuwa hukumar ta tsane ta tsana mai tsanani. A 2012 ta shiga cikin masu kai jihar New Jersey ƙara don hana ta halatta cacar wasanni. Kotun ƙoli ta buɗe ƙofa a 2018, a 2020 ƙungiyar Raiders ta tare a Las Vegas, a filin da aka zuba wa dala miliyan 750 na kuɗin haraji, a 2021 kamfanonin caca uku suka zama abokan hulɗar gasar a hukumance, a 2024 aka kai wasan ƙarshe garin. Tsanar dai tana nan, domin a 2022 an dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kaka guda saboda ya yi caca a kan wasanni, dala 1,500 in ji shi. Mai fatawa kuwa yanzu yana iya ɗora kuɗin hayarsa a kan fatawarsa daga wayar hannu. Idan ransa ya ɓaci, an tanadar masa wurin hucewa: duk Afrilu, da Goodell ya hau dandamalin zaɓen sababbin 'yan wasa, dubban mutane kan yi masa ihu, shi kuma ya yi murmushi ya yafito su su ƙara. Attajiran da suka ɗauke shi aiki suna biyansa miliyoyin daloli a shekara don ihun ya tsaya a kansa, kuma babu ma'aikacin da ya fi shi cin guminsa.

Brady ne ya fi kowa gane inda kasuwar take ci. A kaka 23 da ya yi ana dukansa, ƙungiyoyinsa sun biya shi kusan dala miliyan 333. Da ya ajiye hular kwano, Fox ta ba shi miliyan 375 na shekara goma don ya zauna a sama cikin kwat ya riƙa faɗin ra'ayinsa kan masu jifa. A 2024 kuma ya sayi ɗan kaso a Raiders, ya zama mai ƙungiya kuma mai sharhi kan ƙungiyoyi, don a ƙara tabbatar da rashin son kai. Wasan ƙarshe na farko da ya yi wa sharhi shi ne na Fabrairun 2025, inda Philadelphia ta lallasa Kansas City 40 da 22, Patrick Mahomes na Kansas City ya tsaya a zobe uku, Jalen Hurts na Philadelphia ya samu na farko, ya kuma zama gwarzon wasan. Bisa ƙa'ida magana ta ƙare, Hurts ya wuce Marino, ya kamo Dilfer. Amma malamai ba sa gaggawa. Kafin a gama share titunan Philadelphia an buɗe sabon babi, ko Hurts gwani ne da gaske, ko kuwa mai gudu Saquon Barkley da masu tsaron gida ne suka goya shi har bakin kofi. Aka zaro ƙa'idar aljihun baya aka kaɗe mata ƙura. Sai a Satumban 2025 aka sake buga ƙwallo, amma wannan bai kawo wa binciken cikas ba.